Bokitin da Na Zubar a Kankiya

Wannan babin na fi wata uku ina kewaya shi. Na rubuta muku ƙuruciyata a Kankiya, na rubuta aurena da komawata Kusada, har rigimar da na yi da mai injin matsar gyaɗa na rubuta, duk don kada in iso nan. To, na iso. Abba, Zainabu, da ke Auta, ku karanta shi a zaune, kuma kada wanda ya kira ni a waya sai ya kai ƙarshe.

Kun san babanku siriri ne tun asali, irin mutanen da babbar riga ke yi wa yawa. Shekarar da ciwon hanta ya kama shi sosai, sai komai nasa ya ƙara tsotsewa ban da ciki. Wuya ya zama kamar na yaro, hannuwa suka bushe, ciki kuwa ya yi ta hawa har fatarsa tana ƙyalli. Likitoci sun ce wata ƙwayar cuta ce da ya daɗe yana ɗauke da ita bai sani ba, ta ci hantar har ta ƙanƙance ta yi tauri, shi ya sa ruwa ke taruwa. Mutanen gari kuma kowa da tasa fassarar, ban da lokacin maimaita muku su. Abin da ya fi damunsa ba ciwon ba ne, salla ce. Mutumin da ya shekara talatin yana koya wa yara yadda ake ruku'u a Islamiyya, ga shi ya koma salla a zaune, yana nishi tsakanin aya da aya. Duk da haka bakinsa bai mutu ba. In na kawo masa kunu sai ya shafa cikin ya ce, wai ni na sha haihuwa, a bar shi shi ma ya ɗana. Ina dariya a gabansa, in na fita in tsaya bayan rumbu in share ido.

A daminar wannan shekarar ne Gwaggonku Indo ta taho daga Kaikai da ƙullin kayanta ta ce jinya ta zo. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, don haka a wurinta bai taɓa girma ba, ni kuma ban taɓa iya komai ba. Shekara ashirin da shida tana kirana 'yar birni, sai ka ce daga Legas aka kawo ni, alhali Kankiya ce nan kusa. Miyata gishiri ya yi yawa, sharata ba ta kai lungu, muryata ta fi ta matar malami. Ni ma ban raga mata ba, Allah ya sani. Ba na mayar mata da magana, amma na iya ajiye kwano ta yadda za ta ji amsa.

Ranar wata Alhamis numfashi ya gagare shi. In ya kwanta ruwan ya danne ƙirji, in ya zauna ya danne ƙirji. Ya so ya jure har bayan Juma'a, domin a safiyar Juma'ar za a yi walimar saukar ɗalibansa, yaran da ya ɗauko tun daga baƙaƙe. Baffanku Lawal ya ce ba zai zuba ido yayansa ya shaƙe a kan tabarma ba, ya kawo motarsa ta ɗaukar hatsi, muka shimfiɗa katifa a baya. Ni da Yaya Indo muka zauna gefe da gefe muna tallafe da shi har wani ƙaramin asibiti a Kankiya.

Likitan saurayi ne, mai magana a hankali. Ya ƙwanƙwasa cikin, ya auna jini, ya ce za a tsiyaye ruwan da allura. Kafin ya taɓa shi sai ya tara mu, ya ɗaga wani bokitin roba fari mai layuka da lambobi a jikinsa.

"Ku saurare ni da kyau," in ji shi. "Ruwan nan daga cikin jininsa ya tsattsafo. In na kwashe da yawa a lokaci guda, jiki zai yi gaggawar cike gurbin, ya janyo ruwa daga jijiyoyi. Jini ya ragu, ƙoda ta rasa abin aiki, ta tsaya. Akwai maganin da ke hana haka, albumin sunansa, ɗaura shi ake yi kamar ƙarin ruwa. Hanta mai lafiya ita ke yin sa da kanta, tasa ta gaza. In abin da aka cire ya wuce lita biyar, dole a mayar masa da giram takwas a kan kowace lita. Ba mu da shi a nan, sai Katsina. Saboda haka yau ba zan kai biyar ba. Da ya kai huɗu da rabi za a rufe. Wannan bokitin shi ne ma'aunina, kada a taɓa shi."

Ina so ku sani cewa na gane. Kada wani ya ce da ku uwarku ba ta fahimci bayanin ba. Duk ɗakin nan babu wanda ya kai ni ganewa. Shekara nawa ina auna man gyaɗa a kwalba da galan? Ko ludayi guda aka rage mini a galan sai na gani daga bakin ƙofa. Har wani daɗi na ji a raina, na ce yau dai an zo fagena. Aka soka allurar a gefen cikin, aka haɗa siririyar roba, ruwa ya fara sauka, rawaya-rawaya, yana kumfa a sama. Likita ya tafi duba wasu, nas ta ce za ta riƙa leƙowa.

Da aka yi azahar sai Lawal ya leƙo ya ce ga Liman nan da dattawan Kusada sun biyo mu dubiya, suna alwala a waje. Na dubi bokiti. Ruwa ya kai layin huɗu cif. Na fita da sauri neman nas, aka ce tana ɗakin haihuwa, wata ta zo da naƙuda mai wuya. Na dawo na tarar babanku ya kafe bokitin da ido.

Ku yaran yanzu sai na yi muku bayani. A gidajenmu, abin da ya fita daga jikin majinyaci baƙo ba ya ganinsa. Fo ne, kwanon tofi ne, tsumma ne, kafin a yi sallama ta biyu mace ta kawar. Haka uwata ta yi wa ubana, haka na ga kowace mace mai mutunci tana yi. Matar da baƙi suka ga ƙazantar mijinta, ita aka gani ba shi ba. Balle malami, balle a gaban limaminsa. Ga shi kuma na san dubiyar Liman, in ya zauna sai ya yi addu'a ya kawo tarihi ya sake addu'a, bokitin nan kuwa saura kaɗan ya cika ya malalo ƙarƙashin ƙafafunsu.

"Hajo," in ji babanku, "kauda wanga abu."

"Malam, likita ya ce kada a taɓa."

"Awo ne yake so, ko ba awo ba? Nawa ya kai?"

"Huɗu."

"To, kin riƙe. In ya zo sai ki hwaɗa mashi. Ke da awo wa za ya gwada maki?"

Ya lanƙwasa robar ya matse ta da yatsu. Na ɗauki bokiti na kai bayi na tuttular, na ɗauraye, na dawo na mayar da shi ta jikin bango, na yafa masa ɗankwali. Duka bai fi minti uku ba. Yaya Indo tana zaune a kan tabarma tana kallona. Da na wuce ta gabanta sai ta ce, ƙasa-ƙasa, "Yau kin yi hankali." Wannan ce kalmar yabo ta farko da na taɓa ji daga bakinta, kuma wallahi ta yi mini daɗi.

Liman na tsakiyar addu'a wata nas ta shigo, ba ta safe ba, an canja aiki. Ta ɗaga ɗankwalin, ta ga ruwa bai kai ko layin ɗaya ba.

"Ikon Allah, tun safe ɗan wannan? Ruwan nan rowa gare shi."

Ta gyara zaman allurar, ta buɗe abin matse robar sosai, ruwa ya ƙara gudu. Bakina ya buɗe. Amma maza tara ne a ɗakin, hannuwansu a sama, Liman yana roƙo suna amin. In ce me? In katse addu'a in yi zancen abin da na kai bayi? Na ce a raina bari su fita. Ta riga su fita.

Da suka tafi, bokiti ya kusa layin uku. Na ce da babanku bari in je in kira ta a rufe, an wuce abin da likita ya ce. Sai ya kama bakin zanena. Na dube shi, na ga abin da na yi wata biyar ban gani ba. Yana numfashi har ƙasa, kafaɗunsa sun sauka, cikin ya yi laushi, fatar ta fara tattarewa.

"Bar shi shi hita," ya ce. "Mi za ni yi da ruwan banza? Hajo, yau na ji iska ta shiga inda ta daɗe ba ta shiga ba."

Daga nan ya ƙara da cewa, ba ni yake kallo ba, "Gobe sauka. Shekara shida ina jiran goben ga."

Kunnena ya ji bayanin likita, amma idona yana ganin mutum yana samun sauƙi da kowane ɗigo. Na bi idona. Na zauna na naɗe hannu har nas ta dawo bayan la'asar, ta ga huɗu da rabi, ta rufe, ta rubuta a takarda.

Likita ya zo rana ta yi sanyi. Ya karanta takardar, ya dubi bokiti, ya ɗora hannu a cikin babanku ya danna nan, ya danna can. Na ga goshinsa ya tattare. Ya sake auna jini, ya ce ya ɗan sauka amma ba sosai ba. Ya sake danna cikin.

"Cikin nan ya sauka fiye da yadda na zata," ya ce. "An taɓa bokitin nan?"

Lawal bai san komai ba, yana waje lokacin da na zubar, sai kallonmu yake yi.

"Ba faɗa zan yi ba," in ji likita. "In an wuce biyar ku gaya mini. Sai ya zauna nan kwana biyu, gobe da sassafe a je Katsina a kawo maganin, in ɗaura masa, in ga fitsarinsa, sannan ku tafi."

Lawal ya ce in don zuwa Katsina ne, ko yanzu motarsa na da mai. Kun ga ke nan ba rashin hali ba ne, kada ku nema mini wannan uzurin. Na dubi babanku. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Bai ce in yi ƙarya ba, bai ɗaga ido ba, bai yi mini alama ba. Mutum ne da bai iya ƙarya ba, shi ya sa ya yi shiru ya bar ɗakin da nauyin tambayar. Lambar tana kan harshena, takwas da rabi, na haɗa ta tun ɗazu. Na tuna yaran da aka ɗinka wa fararen kaya, da iyayensu da suka yanka kaji, da yadda ya ce shekara shida.

"Ba wanda ya taɓa shi, likita," na ce.

Ya dube ni ɗan lokaci. Sa'an nan ya ce to, ya rubuta sallama, ya ce in an ga jiri ko fitsari ya ragu a dawo da shi ba tare da jira ba. Yaya Indo ta tattara tabarma, muka kama hanyar Kusada.

Juma'ar nan ba zan ce ban ji daɗinta ba. Ya sa farar rigarsa, ta zauna masa daidai. Ya zauna a zaure yara suna karantawa yana gyara musu da kai, muryarsa har cikin gida. Da aka tashi ya shigo ya yi nafila a tsaye, ya yi ruku'u, ya daɗe a sunkuye kamar ba zai ɗago ba. Mata suna ta yi mini barka, wai asibitin Kankiya ya yi abin kirki. Na ce a raina, ka ga, likitoci ma wani lokaci tsoratarwa ce kawai. Na yi rabon waina ina wasa da kowa.

Ranar Asabar ya miƙe zai tafi masallaci, jiri ya ɗebe shi ya dafa bango. Ya ce gajiyar jiya ce. Ranar Lahadi da safe na ɗauki fo zan zubar, na tsaya. Ni ke zubar da shi kullum, na san inda yake kaiwa. Ranar bai kai rabin wurin ba, kuma ya yi duhu kamar shayin da aka manta a wuta. Na sani a lokacin. Ba zato na yi ba, sani na yi. Amma in na ce a koma, sai an tambaye ni dalili, in na faɗi dalili sai na faɗi sauran. Na dama masa kunu mai ruwa-ruwa na yi ta ɗura masa, wai ko ƙoda za ta ji kunya ta tashi. Yini guda cur na ɓatar a haka. Cikin duk abin da na yi, wannan Lahadin ce ta fi hana ni sakewa.

Litinin da hantsi fo ya kusa zama a bushe. Ciki ya fara dawowa. Na same shi zaune yana karanta wata gajeriyar sura da ko Auta ta haddace a lokacin, ya kai tsakiya ya tsaya, ya koma farko, ya sake tsayawa a wuri guda. Ya ɗago ya dube ni da idanu rawaya kamar bai taɓa ganina ba, ya ce, "Wace ce?" Ban tsaya neman mayafi mai kyau ba, na fita da gudu har shagon Lawal, mutane suna kallon matar Malam a titi ba takalmi.

A asibiti na bar su suna shigar da shi, na bi likita har baranda na tare shi.

"Likita, na yi maka ƙarya. Bokiti biyu ne. Na farko na zubar, huɗu ne cif. Takwas da rabi aka cire."

Na shirya wa zagi. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai ya rufe ido, leɓɓansa suna motsi yana lissafi.

"Giram sittin da takwas," ya ce. "Kwalba huɗu da sun wadatar, har da saura. Ran Alhamis ke nan, ko Juma'a." Ya buɗe ido. "Yau kuma ba wannan lissafin ake yi ba, Hajiya. Ƙodar ta riga ta taɓu. Zan rubuta takarda ku wuce babban asibiti a Katsina yanzu-yanzu. Na gode da kika faɗa, ko ba komai can ba za su yi ta lalube ba."

Godiyar nan tasa ta fi mari zafi.

A Katsina aka ɗaura masa albumin ɗin a ranar. Na tsaya ina kallon 'yar kwalbar, ba ta kai kofin shayi biyu ba, abin cikinta kamar man gyaɗa da aka tsinka. Wannan ne abin da aka ce a jira kwana biyu dominsa. Suka ɗaura wata, suka ɗaura wata, suka haɗa da wasu allurai. An sa masa robar fitsari mai jaka a gefen gado, ita ma da layukanta, na koma ba ni da aiki sai kallonta. In ta ɗan motsa in ce alhamdu lillahi, in je in kira nas ta gani. Rana ta uku ta ɗan taru har likitocin suka yi murmushi, Lawal ya fita ya sayo mana tsire. Rana ta huɗu ta koma yadda take. Kai Abba ka iso daga makaranta a Zariya rana ta biyar, kana ta yi wa likitoci tambayoyi da Turanci, ni kuma ina addu'a kada ka yi wadda nake tsoro.

A rana ta bakwai da azahar hankalinsa ya dawo na ɗan lokaci. Ni kaɗai ce a gefensa. Ya gane ni.

"Kin hwaɗa mashi?"

"Na faɗa, Malam."

"Ni na sa ki. Ki yahe mani."

Na ce babu komai tsakaninmu sai alheri. Amma ban yarda da rabon da ya yi ba, har yau. Zubarwa shi ya sa ni. Amsar da na ba likita kuwa ba wanda ya sa ni. Bayan kwana uku, ranar Laraba da hantsi, Allah ya karɓi abinsa.

Daga baya, da na fita takaba, na koma wurin likitan Kankiya na tambaye shi gaskiya tsakaninsa da Allah, da na faɗa a ranar, da ya rayu? Ya ce hantar ta riga ta yi nisa, ba mai warkewa ba ce, kuma kwana na hannun Allah. Na ce na san wannan, ba ita na tambaya ba. Sa'an nan ya ce watakila watanni, watakila fiye, bai sani ba, amma a zatonsa da ba a wannan makon ba. Na gode masa da bai lallashe ni ba.

Amma na tsallake abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar sadakar uku, bayan la'asar, baƙi sun ragu. Ina cikin ɗaki a kan tabarmar takaba, ƙofa a buɗe. Sai ga ka, Abba, ka shigo tsakar gida da takarda a hannu. Kwafin wasiƙar da likitan Kankiya ya rubuta wa na Katsina ce, ka tsince ta a jakar magunguna. Ka ce an rubuta a nan cewa lita takwas da rabi aka cire wa Baba ba tare da magani ba, domin wata daga cikin masu jinya ta zubar da bokitin farko kuma aka ɓoye wa likita.

"Su waye masu jinya?" ka ce. "Mutum biyu ne. Wace ce?"

Zainabu ta saki tsintsiya. Lawal ya fito daga zaure. Na dafa ƙasa zan miƙe, na ja numfashi, wallahi na ja shi don in amsa. Yaya Indo tana bakin murhu tana kankare tukunya, ko juyowa ba ta yi ba.

"Ni ce," ta ce. "Ni na zubar. Baƙi za su shigo, in bar masu ƙazanta su gani? Da likita ya tambaya, ni na hana ta magana."

Ka san abin da ka ce mata. Ba zan rubuta shi duka ba, amma akwai kalmar jahilci a ciki, akwai kuma cewa ta kashe muku uba. Matar da ta goya shi a bayanta tana 'yar shekara goma sha ɗaya. Lawal ya daka maka tsawa, ka shige ɗaki ka buga ƙofa. Ita kuwa ta ci gaba da kankare tukunyarta har ta yi fes, ta kife ta. Ni ina zaune, numfashin da na ja yana nan a ƙirjina, na sake shi a hankali ba tare da kalma ko ɗaya ba.

Washegari da safe ta ɗaure ƙullinta ta shigo ɗakina ta tura ƙofa. Na faɗi a ƙafafunta ina kuka, na ce yanzu zan fita in gaya musu.

"Tashi, ba ni son sakarci," ta ce. "Ɗiyan ga sun rasa uba satin ga. So kike su rasa uwa yau? Yaron ga in ya ƙi ki, wa za ya ji ma magana? 'Yan matan ga wa za ya kai su ɗaki? Ni in sun ƙi ni, mi anka rage mani? Can Kaikai nike, ba ni ke ba su tuwo ba."

"Yaya, ba ki ma sona."

"Wa ya ce maki sonki nike? Na dai ce kin yi hankali ran nan, ko ban ce ba? To, da bakina a ciki. Ki rantse ba ki hwaɗi ba sai bayan raina."

Na rantse. In gaya muku gaskiya, rantsuwar ba ta yi mini wuya ba, kuma wannan ma abin kunya ne.

Shekara goma sha ɗaya ta ɗauka. Kun daina zuwa Kaikai da salla. Zainabu, da aka zo bikinki kin ce kada ta shiga cikin masu kai ki, ta zauna a bayan gida tana wanke kwanuka, aka tafi aka bar ta. Abba, da ka yi ɗiyarka ta fari Lawal ya ce a sa mata sunan Indo, ka ce ko sunaye sun ƙare a duniya. Duk ina nan, ina ji, ina cewa ku yi haƙuri ku daina, irin faɗan da ake yi da rabin baki. Kuna ce mini Mama kin cika yafiya. Ni kuma in na samu hali in hau mota in kai mata mai da sabulu, ta karɓa ta ɗaga kwalbar ta ce man ya yi ruwa. Ba ta taɓa tayar da zancen ba, ko sau ɗaya. Sai dai in zan tafi ta tambayi kowa da sunansa, wa ya samu aiki, wa ya yi ƙiba, yaron Zainabu ya fara tafiya?

Da ta kwanta ciwon ajali bara, ni na yi jinyarta. Na roƙe ta ta sake ni daga rantsuwar in kira ku, ta ce in na kuskura ba ta yafe ba. Amma duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai ta ɗaga kai ta ce, "Duba, ko Abba ne." In fita in duba, in dawo in ce mai kayan miya ne. Abba, na aika maka sau biyu cewa Gwaggo na jin jiki, ka aiko da gaisuwa.

Kabarinta yana Kaikai, gabas da tsohuwar rijiya, Baffanku Lawal zai nuna muku. Shi ma bai san wannan zancen ba, sai ku karanta masa, idonsa ya yi rauni. Ku je ku yi mata addu'a, ku kai 'ya'yanku.

Ni kuma ina gida. Wanda ya gama karantawa ya ga zai iya zuwa, ƙofa a buɗe take. Wanda ya ga ba zai iya gaishe ni ba, kada ya tilasta wa kansa, ba zan aika a yi masa faɗa ba. Na san yadda ake zama da hakan. Shekara goma sha ɗaya ina kallon yadda ake yi.